Aron Karsana a Cikin Ordinatar

A tashar Tibiri, Musbahu mai shagon buga takardu a Dogon Dutsi yana jiran mota, ordinatar, wato kwamfuta, a cinya, sai tsaki yake. Wani dattijo makiyayi ya tambaye shi ko lafiya.

"Ina lafiya, Baba! Lojisiyal ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da injin bugawa, kyauta na same shi. Na gyara shi, na sayar ma wani Abdulhakim na Kore Mairuwa. Ashe sharaɗin masu abin, duk wanda ka ba, sai ka buɗe mishi sirrin gyaran."

"Habbanaye ke nan irin namu. Wanda anka ba aron karsana ai ba ya hana maƙwabci nono."

"Ni in sha wahala, shi ya kwashe mini masu katin biki? Ce mishi zan yi ordinatar ta ƙone."

"Wagga da ke cinyarka?"

"Ita. Sakarai ne, zai yarda."

Dattijon ya tuɓe malafa, ya zaro ɗan kile, abin kwasar bayanai daga ordinatar, daga ciki.

"Sakaran nan ɗana ne, wurinka ya aike ni. Zuba mini a nan, yaro, tun ba ta ƙone ba."