Awon Rigar Maigida

A bencin mai gyaran waya, wata tsohuwar tela ta gaji da jin tsakin malamin makarantar da ke gefenta, ta tambaye shi lafiya.

"An shige min imel, Inna."

"Me ka sa a kalmar sirri?"

"Sunana da shekarar haihuwata."

"Ai mabuɗi ka bari a jikin ƙofa, ɗana. Ni sau uku ana gwada nawa, suna komawa hannu Rabbana. Awon rigar maigidana na jera, wuya, kafaɗa, hannu, na ƙara da sunan da nake kiransa a zuci in ya ɓata min rai."

"Wane suna?"

Ta gyara tabarau tana murmushi. "Shekara arba'in shi kansa bai ji ba, sai kai?"