Zanen Inna a cikin leda

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hadiza daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Tun da na tashi daga korona, hancina bai ƙara jin ƙamshin komai ba. Lokotoro ya ce cutar ta taɓa jijiya, amma jin ƙamshin wasu yakan dawo a hankali. Bara Innata ta rasu a Tsibiri, aka ba ni zanenta. Ƙanwata ta shinshina shi, ta ce: "Yaya, turarenta yana nan!" Ni a mafarki kaɗai nake jinsa, in gan ta zaune tana damun fura. Na ƙulle zanen cikin leda, kada ƙamshin ya tsere.

Don Allah, wanda nasa ya dawo ya gaya mani yadda ya yi, tun Inna ba ta gama fita daga zanen ba.