Farantai Bakwai da Na Zubar: A Arba'in ɗin Dakta Wagdi

Da sunan Allah Mai rahama. Shugaban Tsangaya, malamanmu, Ummu Tamir da 'ya'yanki, jama'ar Iskandariya, assalamu alaikum.

Ni ne Midhat. Shekara goma sha tara muna teburi ɗaya da marigayi Wagdi Shalabi a ɗakin bincike, kuma wallahi ban taɓa daina kishinsa ba.

Ya kasance mai haƙurin da ke ba ni haushi. Ya kasance idan ya shigo, ɗalibaina ma wurinsa suke komawa. Ya kasance mai gani a inda mu muke kallo kawai.

Aikinmu a kan uwayen ƙwayoyin hanji ne, waɗanda ke sabunta bangonsa duk bayan 'yan kwanaki. Akwai wani furotin da ke ba su umarni. Duk mun ɗauka kunna shi ake yi ko a kashe. Na yi ta ƙoƙarin kashe shi gaba ɗaya, sai farantai bakwai cikin waɗanda muke renon ƙwayoyin a ciki suka ƙi, rabin furotin ɗin ya saura. Na ja musu jan biro a zubar. Wagdi ya tsaya a kansu da kofin gahawarsa, ya tambaye ni ko ina sonsu. Na ce, "Kwashi sharar, maigida, ta dace da kai."

A cikin sharar nan ya gano cewa yawan furotin ɗin ne maganar. Idan ya yi yawa, ƙwayoyin sai haihuwa. Ya ragu, sai su girma su kama aikin tsotsar abinci. Likitocin ciwon dajin hanji suna karanta takardar da ya wallafa a kan wannan, mu kuma muna cin albarkacin sunansa.

Sau biyu ya zo har gida yana roƙon in sa sunana kusa da nasa a takardar. Girman kai ya hana ni. Da aka fara gayyatarsa ƙasashe, sai na shiga raɗa wa mutane cewa aikina ya ɗauke. Ya ji, amma bai fasa aiko mana kahk, biskit ɗinmu na Idi, ranar Salla ba. Wannan ma ya ƙona min rai.

Tamir, ɗana, a maƙabarta ka riƙe hannuna ka ce, "Baffa, gaskiya ne abin da ake faɗa a kan Baba?" Na yi kamar ban ji ba. Kwana arba'in ke nan kana jira.

Ƙarya ne. Ni na ƙirƙire ta. Mahaifinka bai saci komai ba.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Wagdi, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙuri. Ni kuma ku roƙa min gafara, don wanda ya kamata in roƙa ya riga ya tafi.