Ranar da Aka Tambayi Mai Kashe Gobara Maganin Ciwon Haƙori

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, uwarmu shugabar makaranta, dattawan kwamiti, 'yan'uwana malamai, da waɗanda suke gaishe ni da waɗanda suka daina tun makon jiya, iyayenmu mata da iyayenmu maza, baba maigadi da nake hangowa yana leƙe ta taga, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni minti goma in kare kaina, ko da yake na ga ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. Ina godiya gare ku da kuka baro shaguna da ofisoshi kuka cika ɗakin nan maƙil. Shekara tara ina aika muku takardar gayyata ba ku zuwa, ashe jira kuke in yi abin kunya.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne wanda yaranku suke kira Malam Tabarau. Ni nake kula da Ranar Baƙo, wato ranar Alhamis da muke gayyato mai wata sana'a ya yi wa ɗalibai bayanin aikinsa. Yau kuma za ku ɗaga hannu a kan shawarar kwamiti cewa a soke Ranar Baƙo, saboda abin da ya faru makonni biyu da suka wuce. Magana uku gare ni kafin ku ɗaga hannun.

Magana ta farko, laifina ne, kuma zan faɗe shi da bakina kafin a ƙara masa gishiri. Tun da na karɓi aikin nan nake tsoron yaro ya tashi gaban baƙo ya yi tambayar da za ta zubar mana da mutunci. Saboda haka ni nake rubuta tambayoyin a 'yan takardu, in raba wa yara biyar masu kaifin baki, su haddace. Har tafi ma na tsara shi. Na ce da ɗalibai baki ɗaya, duk lokacin da kuka ga na cire tabarau, ku tafa. Shekara tara baƙi suna fita suna cewa ba su taɓa ganin yara masu basira irin namu ba, ni kuwa ina sunkuyar da kai irin na mai tawali'u, alhali basirata ake yabo.

A wannan Alhamis ɗin likitan haƙori muka gayyata. Ban taɓa ganinsa ba, ta wasiƙa muka yi magana. Ashe aiki ya riƙe shi a asibiti, sai ya turo ƙanensa, jami'in kashe gobara da yake hutu ran nan, don kada yara su yi zaman banza. Bawan Allah ya iso cikin farar riga. Na tarye shi a bakin ƙofa na ce, "Sannu da zuwa, Likita." Ya ce, "Malam, ai ni..." Na ce, "Haba, ranka ya daɗe, wa bai san ka ba? Lokaci ya ƙure, bismilla." Na tura shi gaban yara, na koma can bayan ginin, domin lasifikarmu ba ta magana sai mutum ya riƙe mata waya da hannu. Minti talatin ina tsugune ina riƙe da waya, ban ji komai ba sai gunji.

Da gunjin ya lafa na shigo da fara'ata, na ce lokacin tambayoyi ya yi. Yaro na farko ya miƙe, ya gyara murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne yawan shan alewa ne yake jawo wannan matsala?" Baƙo ya dubi rufin ɗaki, ya ce shekararsa goma sha bakwai a bakin aiki bai taɓa zuwa gobarar da alewa ta tayar ba, amma zai bincika. Ta biyu ta miƙe ta ce, "Idan abin ya kama ƙanena, kurkure baki da ruwan gishiri zai isa?" Ya ce, "'Yata, in ya kama ƙanenki ki kwarma ihu, ki bar gishiri." Na uku ya ce na kakarsa duk sun zube saura biyu, ko akwai abin da za a yi. Mutumin nan ya dafe ƙirji ya ce, "Gidajen nata? Allah ya mayar da alheri!"

Jama'a, a nan ne gumi ya karyo mini. Baƙo kuwa, don ya ceci zaman, ya shiga ba da labarin wani shagon katifa. Yana cewa, "Kafin mu iso ya ƙone ƙurmus," ni kuma gumi ya cika mini ido, na cire tabarau in goge. Yara ɗari uku suka kece da tafi. Na mayar da shi da sauri, suka tsaya cak. Ya ce, "Mai shagon ya zauna a ƙasa yana kuka." Tabarau ya zame daga hancina saboda gumi, suka sake tafawa. Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige ban yi sallama ba.

Magana ta biyu ita ce wadda ta hana ni barci. Yaran nan ba kurame ba ne. Minti talatin suna jin bayanin wuta da hayaƙi, sun san sarai ba likita ba ne a gabansu. Na tambayi na farkon daga baya, na ce, "Kai, me ya sa ka yi maganar alewa?" Ya ce, "Malam, ai ita ka ba ni." Ku dube ni da kyau, iyaye, ni ne na koya wa 'ya'yanku su gaskata takarda su ƙaryata kunnensu.

Magana ta uku, wadda rahoton kwamiti ya manta da ita. Ana cikin wannan ruɗani sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu daga layin baya. Ban taɓa ba ta takarda ba, saboda tana da in'ina, ina ganin za ta ɓata mana lokaci. Na yi mata ido ta sauke hannu, ta ƙi. Ta ɗauki lokacinta, ta ce tagogin ajinsu duk ƙarafa ne, ƙofar kuma in ta cije sai an banke ta daga waje. Ta ce, "To in wuta ta tashi, ta ina za mu fita?"

Baƙo ya ajiye lasifika ya ce a kai shi ajin. Ya shiga ya rufe ƙofa, ya ja, ta ƙi. Ƙato guda, mai fasa gidajen mutane don ya cece su, sai da baba maigadi ya banko masa ita da kafaɗa. Ya ce ina jar tukunyar kashe wuta? Muka same ta tana tokare da ƙofar ofishin malamai don mu sha iska. Ya ce ina bokitin yashi? Yana nan, ranka ya daɗe, uwarmu shugaba ta shuka fure a ciki, kuma gaskiya furen ya yi kyau. Ya rubuta duk wannan a takarda mai hatimi. Na san wannan takardar ce ta fi tafin nan yi wa kwamiti ciwo, ni ma ta yi mini.

Amma ku tuna yadda kuka shigo ɗakin nan ɗazu. Ƙofar can da kuka saba tura ta da kafaɗa kuna tsaki, yau da yatsa ɗaya ta buɗe. Kafinta ya kwana uku yana fere ƙofofi goma sha ɗaya. Ni na rubuta tambayoyi sun fi dubu, ba wadda ta gyara ko ƙusa ɗaya. Yarinyar da na hana magana ta yi guda ɗaya.

Saboda haka ina roƙonku, don Allah, ku soke takarduna, ga su nan a leda na kawo, a zuba a kwandon shara, kada dai a ƙona su a harabar makaranta. Ku soke ni ma in kun ga dama, ku ba wa wanda ya fi ni. Amma ku bar wa yaran nan Alhamis ɗinsu. Ku bar baƙo ya zo, ku bar yaro ya tambayi abin da yake damunsa, ko da zai sa mu gumi, ko da zai ɗauki minti biyar kafin kalmar ta fito.

Allah ya raya mana zuriya, ya buɗe musu baki a kan gaskiya, ya tsare makarantarmu da gidajenmu daga gobara da ciwon haƙori, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Yanzu zan cire tabarau, domin idona ya cika, kuma wannan karon ba gumi ba ne. Yaran da suke laɓe a bayan taga, na gan ku. Ba umarni ba ne, wanda bai ga dama ba kada ya tafa.

Na gode.