Jitar Baba Sabo Tana Rumfata

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ɗanjuma mai hatsi ne daga kasuwar Babura.

A jinjina mini masu tsoron Allah na layinmu, waɗanda imaninsu bai farka ba sai ranar da Baba Sabo ya rasu. Shi ne mai shagon kayan kiɗa na bakin tasha. Kwantar da jitarsa yake yi a cinya, yana goga wa tsirkiyar wuyan kwalba, sai ka rantse mutum ne ke kuka.

Ran sadakar uku suka sa Iya, matarsa, a gaba: "A ƙone kayan nan, ko ya samu sauƙin kabari." Tsohuwa ta tsorata, ta ce to.

Na ce, "Iya, ba ni ajiya." Na saɓo jitar. Tana nan rataye a rumfata, saman buhunan gero. Mai son ƙona ta ya taho da ashanarsa ya same ni.

Allah ya jiƙan Baba. Amma ku da ya yi wa kiɗa a bikin 'ya'yanku har kuna gyaɗa kai, kunnuwan aro kuka zo da su ranar?