Takalman da Ma'azu ya saya

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban ƙungiyar 'yan kasuwarmu Alhaji Maidaji, alhazan Kano da na Maraɗi da Yamai, 'yan'uwana mata, da Balkissa matar marigayi da ke jin mu daga cikin ɗaki, ina gaishe ku. Ni ce Barira mai tuwo, yayar Ma'azu. Ban yi karatu mai nisa ba. Abin da ke raina zan faɗa, ku yi mini haƙuri.

Yau kwana arba'in da muka rasa shi. Tun ɗazu kuke yabonsa, kuma ba ku yi ƙarya ba. Ya kasance mai amana: shekara shida yana loda muku kwantena a tashar jirgin ruwa ta Nansha, ko allura ba ta ɓata ba. Ya kasance mai tarbar baƙo a filin jirgi ko bai san sunansa ba. Ya kasance kuma mutumin da muka mayar abin dariya. Wannan ne ban ji kowa ya faɗa ba.

Mu 'yan Nguru ne. A idonmu ciyawar kacala ta shaƙe ruwan garinmu, kifi ya ragu, babanmu ya rataye komarsa. Ranar da Ma'azu ya gano fadamar nan ta bakin teku da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa, can gaba da tashar jirgi, ya shigo mini kicin yana haki. Ya ce ya ga zalɓe, ya ga belbela, har da wani mai baki kamar ludayi. Ya ce, "Yaya, na ga gida."

Daga nan duk Lahadi yana can tare da Lao Chen, tsohon da ke kula da wurin. Suna cire ciyawar da ke toshe ruwa, suna kwashe leda, suna dasa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Muka sa masa suna Laoban Tsuntsu, wai shi ne maigidansu. Ni kaina na sha yi masa faɗa a kan taɓon da yake kwaso mini.

Ya roƙe mu mu je, ko sau ɗaya. Duk wanda ya ce masa in sha Allahu, sai ya tambayi lambar ƙafarsa, ya je kasuwa ya sayo masa takalmin roba mai dogon wuya, ya rubuta sunansa a ciki. Shi da gaske ya ɗauka. Ƙafa bakwai na tarar a ƙarƙashin gadonsa, ko ɗaya bai taɓa taka laka ba. Guda nawa ne.

Balkissa, ƙanwata, ke kaɗai ba ki yi masa dariya ba. Ke kike ba dashensa ruwa a saman bene, ɗari biyu cikin leda, kina kuka. Kina takaba, ba ki fita. Ni kuma tun da aka tsaurara biza saboda wasannin Olamfik aka ce mini meyo da yarensu, wato babu sabuntawa. Jumma'a zan tafi.

Jiya Lao Chen ya zo gaisuwa. Ya ce Lahadi da safe ruwa zai janye sosai, ranar ce za a iya dasa su. In ta wuce, tsuntsayen arewa za su fara sauka, a hana shiga, dashen ya mutu a leda.

Alhaji Maidaji, naka lamba arba'in da uku. Abdoulaziz, naka ne mai ruwan ganye. Shehu, kai sau biyu ya saya maka, na farkon ya ce ya yi maka kaɗan. Kada kowa ya sake ce mini in sha Allahu alhali a ransa a'a ce. Sunan Allah ya fi ƙarfin haka.

Na gode da zuwanku, na gode da addu'arku. Allah ya gafarta wa Ma'azu, ya sanyaya kabarinsa, ya sa kowane tsuntsu da ya huta a inuwar da ya dasa ya zame masa lada.

Takalman suna bakin ƙofa kusa da naku, na goge su. Na ɗauki nawa, zan bar wa duk matar da za ta je a madadina. Saura shida.