Eriya a Rufin Motar Baba

A bencin gareji, wani direban tasi mai jiran gyara ya zuba wa wata a-kori-kura ido. Mai haɗa rediyon oba-oba na kan rufinta, yana datse eriya kaɗan-kaɗan yana duba allurar mita. Direban ya dubi mai motar, wanda ke gefensa yana ta murmushi.

"Malam, ka yarda aka huda maka rufi? Ai da a baya aka ɗaura."

"An gwada, muryar shaƙewa take. Sai a tsakiyar rufi take fita tas."

"Ga waya, ina kai ina oba-oba?"

"Saboda mahaifina ne. Motarsa ce, ciwon ido ya hana shi tuƙi. Waya kuwa, ya ce ba ya magana da gilashi. Shi ya sa na ajiye masa oba-oba ɗaya a bakin gado, ya riƙa jin motarsa."

Mai haɗawa ya leƙo. "Gwada mu ji."

Mai motar ya zura hannu ta taga, ya danna. "Baba, kana ji na?"

Murya ta fito rangaɗaɗau: "Ina jin ka. Rage gudu!"

"Baba, a tsaye nake."

"Na san halinka. Rage dai."

Direban tasi ya yi dariya har da ƙwalla, sannan ya ɗaga kai. "Maigida, rufin tasi ma yana huduwa?"